Kafin ka yarda a sauke akwatin giyar motarka

A garejin Yamai, da zarar direba ya ce giya tana yi masa gardama, abin da yakan fara ji shi ne sai an sauke akwatin giya. Aiki ne mai tsada, kuma sau da yawa laifin yana wajen ambireyaj ne, wato kulocin da ke haɗa inji da akwatin giya yana raba su, ko wayar da ke jan sa, ko ma man da ya tsiyaye. Mai mota zai iya bambance waɗannan da kansa yana zaune a kujerarsa, ba tare da ya taɓa sufana ba.

Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne na kashe inji. Ka taka ambireyaj, ka zagaya da giya daga ta ɗaya har ta biyar da ta baya. Idan duk sun shiga lafiya, amma da ka tayar da inji suka fara ƙi ko suna ƙara, to akwatin ba shi da laifi, ambireyaj ne ba ya sakin injin gaba ɗaya. Giyar baya ce ke fara tona wannan asiri, domin a yawancin tsofaffin motoci ba ta da zoben sinkiro da zai daidaita mata gudu, saboda haka ƙaramin jan da ya rage sai ka ji shi a haƙoranta. A nan sai a duba mai sauƙi tukuna: idan motar mai waya ce, wataƙila ta saki ne, ɗaure ta kawai za a yi, idan mai mai ce, a buɗe gaba a ga ko man birkin da ambireyaj ke aiki da shi, DOT 3 ko DOT 4, ya ragu, a leƙa bayan feda da gefen akwatin ko akwai jiƙa. Feda da ta yi laushi ko take liƙewa a ƙasa tana nuna iska ta shiga layin, ko robar famfon ambireyaj ta mutu. Idan kuwa giyar tana ƙi ko da inji a kashe, sai a fara da sandar giya da robobinta.

Santsin diski, wato faifan ambireyaj, daban ne. Kana kan hanyar Dosso cikin giya ta huɗu, ka taka totur, inji ya ɗaga murya amma mota ba ta ƙara gudu ba, wani lokaci har da ƙauri. Don tabbatarwa, ka ja birkin hannu a fili inda babu kowa, ka sa giya ta uku, ka saki feda a hankali. Lafiyayyen diski zai kashe injin nan take, cinyayye kuwa zai bar shi yana aiki. Kada a maimaita gwajin, don shi ma cin diskin yake yi. Abin da ke saurin cinye shi a garin nan sananne ne: riƙe mota da rabin feda a cunkoson gadar Kennedy, da ƙoƙarin fita daga rairayin unguwanni da ƙarfin totur, musamman a zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Direbobin taksi da suke ɗora ƙafa a kan feda yini guda su suka fi biyan wannan kuɗi.

Ƙara ma tana da bayani. Wadda ke tashi idan an taka feda ta borisin ambireyaj ce. Wadda ake ji mota tana firi, ta ɓace da an taka, daga cikin akwatin take. Karkarwa lokacin tashi takan zo daga man inji da ya ɗiga a kan diski, ko robobin da ke riƙe da inji sun tsage.

Alamar da ke nuna akwatin da kansa ita ce giya guda ɗaya, galibi ta biyu, tana ƙara alhali sauran suna shiga lafiya, ko giya tana fita da kanta ana cikin tafiya. Ko a nan ɗin ma a fara duba man akwatin, yawansa da irinsa, domin wasu motoci GL-4 suke so, kuma zuba musu wanda bai dace ba yana lalata zobban sinkiro na tagulla. Idan ta tabbata sai an sauke, shawarata ita ce a canza diski da filato, wato ƙarfen da ke danne diskin, da boris a lokaci guda, a duba robar bayan inji ko tana yoyo, tunda kuɗin aikin saukewa ɗaya ne ko da abu guda za a canza.