Shirun da Ke Biyo Bayan Minshari

Maiɗakina ce ta fara lura. Ta daɗe tana ce min, "Baban yara, minsharin ba ya damuna kamar shirun da ke biyo bayansa." Ta ce sai in yi tsit, ƙirjina na motsi amma babu iska, can sai in zabura da gurnani. Ni ban san ana yi ba. Iyakar sanina, ina tashi da ciwon kai da bushewar baki, da rana kuma gyangyaɗi ko ana cikin yi min magana. Duk na ɗora wa gajiyar aiki.

Da ƙirjina ya fara ɗaurewa in na hau matakala, aka gano ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya da jini ta kusa toshewa, aka sa min ɗan siririn bututun da ke buɗe ta. Bayan haka hawan jinina ya ƙi sauka duk da magani iri uku. Ran nan likitan zuciya ya juya ga maiɗakina ya ce, "Hajiya, yaya barcinsa yake?" Ta kwashe komai ta faɗa masa.

Aka yi min gwajin barci don a duba ko ina da larurar ɗaukewar numfashi a cikin barci (sleep apnea), na kwana da wayoyi a jiki. Ana ƙirga duk tsayawa ko raguwar numfashin da ta kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya mai sauƙi ne, 30 zuwa sama mai tsanani. Nawa ya haura 30.

Bayanin likitan ya girgiza ni. In naman maƙogwaro ya saki ya rufe hanyar iska, oksijin na jini ya faɗi, sai jiki ya firgita kamar an shaƙe mutum: zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su matse, jini ya hau. A lokacin da ya kamata zuciya ta huta, tawa tana shan wannan ɗaruruwan sau kowane dare. A hankali bangon jijiya ke rauni, kitse ya samu wurin maƙalewa. Wani bincike na asibitin Mayo Clinic a Amurka a 2005 ya nuna masu wannan larura sun fi yin mutuwar fuju'a ta zuciya tsakanin sha biyun dare da shida na safe.

Aka ba ni na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostireliya, mai hura iska ta takunkumin hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Makonnin farko na sha wahala, cikin dare sai in fizge takunkumin. Har na fara tunanin tunda ga na'ura, zan iya rage magani. Likita ya taka min burki. Ya ce a babban gwajin SAVE na 2016, mai mutum sama da 2,700, na'urar ta rage gyangyaɗi amma ba ta rage haɗarin sake kamuwa da ciwon zuciya ba, kuma yawancinsu awa uku da ɗan wani abu kawai suke sa ta a dare. Wannan ya sa na daina wasa da ko ɗaya.

Na canza takunkumi sau biyu kafin na dace da wanda ba ya zubar da iska. Na rage ƙiba, na koyi kwanciya a gefe maimakon rigingine. Yanzu ina kai awa shida da ita, magungunana kuma ban taɓa tsallakewa ba. Maiɗakina ta ce har yau takan farka ta kasa kunne, sai ta ji iskar tana shiga tana fita, sannan ta koma barci.