Abin da Na Koya a Ɗakin Gashin Ƙashi

Lokacin da na fara aikin gashin ƙashi a wani asibiti a Sakkwato, hankalina duka yana kan yaron da aka shimfiɗa a gabana, ban cika duban wadda ta goyo shi ba. Mafi yawan yaran masu shanyewar jiki ne sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa, wanda doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba, ko sanƙarau kan haddasa.

Wata uwa daga wani ƙauye na wajen Gwadabawa ce ta gyara mini tunani. Ta yi wata biyu ba ta kawo ɗanta ba, da ta dawo kuma ƙafafunsa sun ƙara sanƙarewa, sai na yi mata faɗa a gaban jama'a. Ba ta musa ba. Ta kwance zanen goyo, ta sauke yaro mai shekara tara a hankali, sannan ta dafa ƙugunta ta daɗe kafin ta miƙe, ta ce: "Malama, akuyar da nake sayarwa in yi kuɗin mota ta ƙare." Daga baya na ji sauran: ta janye babbar 'yarta daga makaranta domin ta riƙa tsaron yaron, dangin miji suna cewa ɗan ruwa ne, matan unguwa kuma sun daina kiranta biki. Har yau ina jin kunyar faɗan nan.

Tun daga ranar nake fara tambayar uwa barcinta da bayanta, da wanda yake karɓarta idan ta gaji, kafin in taɓa yaro. Na lura cewa gidan da uba ko kaka ko kishiya suka koyi motsa gaɓoɓin yaron, nan ne ake ganin ci gaba, don haka nake roƙon a zo mini da mutum biyu, kuma nake koyar da abin da za a iya yi a kan tabarma da matashin kai.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar keken guragu, amma a ganina ba ta kai ga matar da ke ɗauke da nauyin a cikin gida ba. Abin da ke hannuna kaɗan ne: nakan nuna wa iyaye hanyar Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, nakan ba su labarin makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman, nakan kuma haɗa matan da suka fito daga yanki ɗaya a rana ɗaya domin su raba kuɗin mota. Matar Gwadabawa tana zuwa yanzu duk wata tare da ƙanen mijinta, shi ne yake saɓo yaron daga bakin ƙofa.