Abin da helikes ɗin RNA suka koya min a shekarar furojet

Duk wanda ya yi aji biyu a Bayokemistiri ya san zanen nan na enzayim ɗin da ake kira helikes, silin DNA biyu a manne shi kuma yana bi yana raba su. Zanen ba ƙarya ba ne, amma fa na DNA ne, kuma yana sa ɗalibi ya ɗauka na RNA ma haka suke. Ita RNA sili ɗaya ce, ba ta da abokiyar mannewa dan haka sai ta dinga naɗewa a kanta, wani lokacin naɗin da ake so, wani lokacin kuma ta cukurkuɗe ta maƙale a siffar da ba ta da amfanin komai, ga furotin da ke hawa kanta su ƙi sauka. Helikes ɗinta suna ƙona ATP ne, wato makamashin sel, su warware irin wannan rikicin. Wannan ne abu na farko da ya zauna min da malamata a BUK ta ba ni su a matsayin furojet.

Mafi yawansu 'yan gidan DEAD ne, sunan daga haruffan amino asid huɗu da ke jere a jikinsu, Patrick Linder da abokan aikinsa suka raɗa shi a 1989, kuma ɗan Adam yana da kusan 40. To su waɗannan ba sa ma tafiya a kan RNA. Kun san tsefe kitso, akwai mai farawa daga jela ta bi har gindi, haka 'yan uwansu na gidan DEAH suke yi, su kama ƙarshe su dinga ja. Su kuwa DEAD tsakiya suke cafka su lanƙwasa silin, ɗan gajeren wuri ya buɗe, su saki shi kenan. Wani ma ba ya buɗe komai, eIF4AIII damƙe RNA kawai yake yi ya zauna daram dan sauran furotin su samu wurin tsayawa.

Darasin da ya fi yi min amfani kuwa na yadda ake karatun ne. Sunayen nan in ka ce haddace su za ka yi wallahi kanka juyawa zai yi, Prp2, Prp16, Prp22, Prp43, Brr2, kamar ba za su ƙare ba. Malamata ta ce in ajiye sunaye in bi mRNA guda ɗaya, wato RNA mai ɗauko saƙon haɗa furotin daga DNA, tun daga haihuwarta, duk inda ta je in tambayi me ya maƙale a nan, wa zai sake shi. Sai komai ya jeru. A cikin nukiliyos dole a yanke mata intiron, wato guntayen da ba a buƙata a cikin saƙon, injin da ke wannan yankan kuma sai ya sauya siffa sau da yawa, helikes takwas ne ke tura shi daga mataki zuwa mataki, Brr2 ya raba ƙananan RNA biyu na injin, U4 da U6, sannan injin ya tashi, Prp43 kuma ya wargaza shi in an gama. A bakin ƙofar nukiliyos DDX19 yana jira ya sauke furotin ɗin da suka rako ta dan kar ta koma ciki. A waje eIF4A ya share wa ribosom, injin haɗa furotin, hanya har ya kai inda zai fara karatu. In kuma an samu alamar tsayawa tun kafin lokacinta, UPF1 ne zai sa a lalata ta kafin ta haifar da gurɓataccen furotin.

Ɓangaren bairos ni ya fi ja na gaskiya. A 2004 ɗakin binciken Takashi Fujita a Japan ya nuna cewa RIG-I, wanda shi ma jinin helikes ne, gadi yake yi a cikin sel, da ya ci karo da baƙuwar RNA ta bairos sai ya tayar da intafiron, furotin ɗin da ke gargaɗin sauran sel su yaƙi bairos. Ɗan uwansa MDA5 ya fi kama dogayen. Su ma bairos ɗin ba su zo hannu rabbana ba, na shawara da dengi da Zika da ciwon hanta nau'in C duk suna da nasu mai suna NS3, korona kuma nsp13. Mu da shawara ta sake ɓullo mana a ƙasar nan tun 2017 ai wannan ba labarin nesa ba ne. Mutum zai ce to a haɗa maganin da zai toshe nasu mana, matsalar ita ce wurin da ATP ke shiga a nasu ya yi kama da na namu sosai, kana toshe wancan sai ka taɓa wannan, kuma namu ba abin wasa ba ne tun da taɓuwar DDX3X kaɗai tana jawo jinkirin ƙwaƙwalwa, galibi a yara mata.

Aikin hannu kam ban yi da yawa ba. RNA ba ta da juriya, enzayim ɗin da ke cinye ta har a fatar yatsa akwai su, ga zafin Kano ga wuta da ke ɗaukewa firiza ta huce. Sai muka koma kwamfuta, rumbunan bayanan furotin na intanet UniProt da PDB kyauta suke, data kawai za ka saya. Na jera jerin amino asid na eIF4A ɗin mutum da na yis da CsdA na bakteriyar E. coli, sai ga D, E, A, D sun faɗo a layi ɗaya a dukkansu. Shi CsdA ɗin bakteriya tana ƙara yin sa ne in sanyi ya buge ta, saboda a sanyi naɗin RNA ya fi ƙanƙamewa, wanda ya naɗu ba daidai ba ba zai saku da kansa ba sai an zo an taya shi.