Mita 800 da ba wanda ya aike ni

Asabar, saura mako biyar a yi gasar iyo.

A kwance nake rubuta wannan, wayar a kan ƙirjina, don hannun dama ya ƙi ɗaguwa ya wuce kafaɗa. Ba ciwo ba ne irin na rauni, gajiya ce kawai, amma da na zo cire riga ɗazu sai da na yi dabara kamar tsoho.

Yau ce ranar da na daɗe ina ɗagawa: iyon kilomita shida a tafki, ba tsayawa sai ta shan ruwa. Wata bakwai ke nan ina atisaye a kwamin ninƙaya mai tsawon mita 50, kuma a can na san kaina. Ina cin mita 100 a minti biyu, ina iya riƙe wannan saurin awa biyu ba tare da numfashina ya rikice ba. Gasar kilomita 10 ce, wato tsawon kwamin sau 200. A lissafin takarda, awa uku da minti ashirin sun ishe ni, masu shirya gasar kuma awa huɗu suka ware kafin su tsame duk wanda ya rage a ruwa. Da wannan lissafin na kwana jiya, har da ɗan alfahari.

Mun isa bakin ruwa gari bai gama wayewa ba. Ƙanena ne ya riƙe kwale-kwale, shi ne idona, shi ne kuma mai ba ni gora. Ya tsoma ma'auni a ruwa ya ce digiri 19. Na shafa baselin a hammata da wuya, inda gemu ke gurzar kafaɗa duk lokacin da na juyo shan iska, na ɗaura balan-balan ɗin nan mai ruwan lemo a ƙugu don masu jirgi su riƙa hango ni, na shiga.

Digiri 19 a iska ba komai ba ne. A ruwa wani labari ne daban, domin ruwa na zuƙe ɗumin jiki ninkin yadda iska ke yi kusan sau 25. Minti biyun farko ƙirjina ya matse, numfashi ya riƙa fizga da kansa ba da izinina ba. Na riga na san haka za a yi, shi ya sa ban faɗa gaba ɗaya ba. Na tsaya ruwa iya ƙirji, na watsa a fuska da ƙeya, na jira har numfashin ya dawo hannuna. Waɗannan mintunan ne suka fi cin mutane, ciki har da gwanayen iyo, don mutum yana shaƙar ruwa ne tun bai fara ba.

Zagayen alwatika ne, alamomi uku masu yawo a kan ruwa, kowane zagaye kilomita ɗaya. Na farko da na biyu sun tafi lafiya, ko kuma haka na ɗauka. Hannu na shiga, ruwa na wucewa, ina jin kaina kamar kifi. Da na tsaya shan ruwa a minti na talatin, sai na ga ƙanena yana danne dariya.

"Yaya, wai ina za ka ne?"

Na ce masa ban gane ba.

"Tun da muka baro alama ta biyu kake ta cin hagu. Ni da nake tuƙi har wuyana ya gaji da bin ka."

Na yi masa tsawa na ce ya miƙo gora. Amma ya faɗi gaskiya, agogon hannuna mai nuna hanya ya tabbatar daga baya. Zanen hanyar da na bi kamar sawun maciji a kan yashi. Kilomita shida aka auna, ni kuwa na yi 6.8. Mita 800 na kyauta, ba wanda ya aike ni.

Tun da na dawo nake juya wannan adadin a kaina. In na yi irin wannan karkata ranar gasa, kilomita 10 za ta koma sha ɗaya da mita 300 da ɗoriya. Kusan minti 27 ke nan a kan saurina, kafin a yi maganar gajiya da kaɗawar ruwa da tsayawa shan abu. Ragowar lokacin da nake taƙama da shi ya tafi ke nan. Wata bakwai ina gina ƙarfi, ban taɓa tambayar kaina ko na iya tafiya miƙe ba, saboda a kwami akwai baƙin layi a ƙasa yana yi mini jagora, ga bango duk bayan mita 50 yana gyara mini kuskure ba tare da na sani ba. A tafki in ka duba ƙasa, kore-kore ne kawai, daga nan sai duhu.

Dalilin karkatar ma na gano shi. Ta dama kaɗai nake shan iska. Duk sanda na juyo, hannun hagu yana tsallake tsakiyar jikina, na dama kuma ya fi ƙarfin ja, sai in riƙa lanƙwasa a hankali kamar kwale-kwalen da ake tuƙawa ta gefe guda. Mai koyar da mu ya sha faɗa mini in koyi shan iska ta ɓangare biyu, duk bugu uku. Nakan ce to, in yi tsawo biyu, in koma gidan jiya. Yau ruwa ya maimaita mini maganarsa da babbar murya.

Daga zagaye na uku na fara ɗaga ido duk bugu takwas. Ba ɗaga kai gaba ɗaya ba, don da ka ɗaga kai ƙugu da ƙafafu sun nutse, ka zama kamar mai jan buhu. Idanu kawai ake fitarwa saman ruwa irin na kada, a saci kallo, a mayar da fuska, sannan a juya gefe a sha iska. Alamar ma ba kullum ake ganinta ba in ruwa na kaɗawa, sai na nemi wata doguwar bishiya da ke bayanta can a gaɓa na riƙa saitawa da ita. Ya yi aiki, amma da tsada: wuyana da ƙasan bayana ne ke biya yanzu.

Zagaye na biyar shi ne mai ɗaci. Iska ta taso daga gabas, ruwa ya fara marina a fuska daidai ɓangaren da nake shan iska. Na haɗiyi ruwa sau uku a jere. Ga sha-raɓar hagu ta fara alamar ɗaurewa. Nan ne zuciya ta fara kawo shawarwari masu daɗi: ai biyar ma ta isa, ai ba yau ce gasar ba, ai kwale-kwale ga shi nan kusa. Sai na tuna da Matthew Webb, wanda a 1875 ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa cikin awa 21 da minti 45, ba agogo mai nuna hanya, ba rigar roba. Mashigin bai fi kilomita 34 ba a inda ya fi ƙunci, amma igiyar ruwa ta yi ta jan sa har ya yi fiye da kilomita 60. Shi aƙalla teku ce ta karkatar da shi. Ni hannuna ne. Na yi dariya a cikin ruwa, na sake haɗiyar wani.

Abin da ya cece ni gora ce. Duk rabin awa ƙanena na miƙo ruwan ɗumi mai sukari da ɗan gishiri, in juya rigingine in shanye cikin daƙiƙa ashirin ba tare da na taɓa jirgin ba, don a gasa dafa jirgi laifi ne. A sha na huɗu na ji kamar an kunna mini fitila a kai. Kuskurena shi ne na tsallake sha na uku saboda haushin dariyar da ya yi mini. Mai iyo ba ya jin ƙishi, ba ya kuma ganin guminsa, shi ya sa ba a jira sai an ji bukata.

Na fito bayan awa biyu da minti 26. Ƙafafuna suka manta yadda ake tsayuwa, na dafa ƙasa da hannu kamar mai rarrafe. Minti goman farko lafiya lau nake, har ina ba da labari. Sannan karkarwa ta zo, haƙora na haɗuwa, kofi na rawa a hannuna har rabin abin ciki ya zube. Wannan ma sananne ne: bayan an fito, ɗumin cikin jiki yana ci gaba da sauka na ɗan lokaci kafin ya juyo. Na cire jiƙaƙƙen kaya, na tsane jiki, na rufe kai da ƙirji tukuna, na zauna a mota har ta lafa. Ƙanena ya karɓe makulli.

"Yaya, yau ba ka tuƙi. Wanda ya kasa miƙewa a ruwa, ina ga titi?"

Ban da ƙarfin rama masa.

A hanya na riƙa tunanin 'yan Olamfik. Tun 2008 a Beijin aka shigar da wannan nisa na kilomita 10 cikin wasannin, kuma manyansu suna gamawa ƙasa da awa biyu. Lokacin da suke goge jiki, ni ban kai kilomita shida ba. Wanda ya ci zinaren maza a waccan shekarar, Maarten van der Weijden ɗan ƙasar Holan, sai da ya yi jinyar sankarar jini kafin ya dawo ruwa. Ban san me ya sa wannan ya fi sanyaya mini rai fiye da komai ba yau.

Na sauya tsarin makonnin da suka rage. Litinin da Laraba a kwami, amma duk bugu uku zan sha iska, ko da saurina zai ragu. Zan riƙa yin wasu tsawon ido a rufe, in ga bugu nawa nake yi kafin in ci karo da igiyar layi. Asabar mai zuwa kilomita bakwai da rabi a tafki, makon bayanta takwas, daga nan in fara sassautawa. Na kuma sayi ƙarin baselin, don wuyana ta dama ya saluɓe duk da wanda na shafa, gemun kuma gobe da safe zai tafi.