Fayil ba wutsiya

Talata. Tun da aka sallame la'asar nake gidan Yaya Bilki a Shara Mansur, nan Makka, kuma abin da ya zaunar da ni ɗigo ɗaya ne da haruffa biyu.

Da safe ba wani labari. Tamis da ful, shayi, sai shago. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta tarin nan nasa, Sale ya ce gobe zai kawo mai gyara. Goben Sale dai kun san ta.

Wajen ƙarfe uku Ruƙayya ta kira, murya na rawa. "Kawu, aikina ya mutu." Ɗan shiri ne na Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, aka ba su a makaranta, ka saka kuɗinka da riyal ya fitar maka da zakka, ɗaya bisa arba'in. Ta tura wa malama, malama ta ce ba ya buɗuwa, ga shi gobe za a rufe karɓa. Ta ce tana rubutawa kalmomin suna da launi, da ta adana sai duk suka koma baƙi.

Wannan maganar kaɗai ta isa ta farkar da ni. Amma ina, na zo da girman kawu. Na zauna ina bin layi ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga tazarar farkon layi wadda Python ba ta yafewa, ina neman bakan da ba a rufe ba. Minti arba'in. Shayin da Yaya ta kawo ya huce. Rubutun yarinya kuwa lafiyarsa lau, wallahi ya fi wanda na fara yi tsabta.

Sai da na danna fayil ɗin sau biyu, kwamfuta ta tambaye ni da me nake so ta buɗe shi, sannan kunya ta kama ni. Sunansa "zakka". Shi ke nan, babu .py a baya, wato wutsiyar da ke nuna fayil na Python ne. Tsohuwar manhajar da ke kan kwamfutar ba ta liƙa wutsiya da kanta, abin da ka rubuta shi za ta ajiye. Windows kuma da wutsiyar take gane mai fayil, ba ta leƙa ciki. Kuma tana zuwa ne da wutsiyoyin da ta sani a ɓoye, sai ka shiga View ka ce ta nuna su, don haka mai ita da marar ita duk ɗaya suke a ido. Alamar farar takarda ce kawai ta bambanta shi, ni kuma na kalle ta na wuce.

Na ƙara .py, launi ya dawo. Muka duba babban fayil ɗinta, ga zakka2, zakka3, zakka_na_gaskiya, har guda shida, duk gundulallu. Na ba ta labarin cutar kwamfutar nan ta shekarar 2000 da ta fito daga Filifin da sunan wasiƙar soyayya, wadda mutane suka ga .TXT, wutsiyar rubutu zalla, alhali .vbs ce a ɓoye a baya, wutsiyar shirin da ke tashi da an danna shi. Ta ce, "Kawu, lokacin ko Umma ba ta yi aure ba." To.

Inna tana kan darduma da carbi, ashe tana jin mu. Ta ce, "Wai duk wannan zufar a kan wutsiya ce? Abin da ke ciki ya canza?" Na ce ko harafi bai canza ba, Inna. Ta ce, "To ai kamar mu ne," ta ci gaba da jan carbinta.

Dariya muka yi, amma maganar ta biyo ni har gida. Ina tafe ina tuna wutsiyoyin da ke bayan sunaye a garin nan: Hausawi, Barnawi, Fallata. Usama Hausawi haifaffen Makka ne, shi ya ɗaura kambun kyaftin na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018, ranar duk unguwa ji muke namu ne. Amma na sha tsayawa gaban tebur, mutum ya karanta sunana daga ƙarshe, in ga fuskarsa ta riga ta yanke yadda za ta buɗe ni kafin in buɗe baki. Akwai kuma irin su Habu, nan aka yanke masa cibiya, Kano a waya kawai ya san ta, amma duk inda ya je sai an tsaya ana tambayar a ina za a saka shi. Ban faɗa wa kowa ba. Yaya tana murna, ban ga dalilin ɓata mata dare ba.

Bayan isha'i kabsa, kaɗan na ci.

Ruƙayya ta turo saƙo yanzu, malama ta ce ya buɗe. Wai in zo Juma'a in gyara mata sauran shidan. Na ce ta liƙa musu wutsiya da hannunta.