Inda na kai da jirgin yaƙi a kan jan ƙarfe

'Yan'uwa masu koyo, farantin jan ƙarfen da nake zana tashar jiragen ruwa a kai ya fara kama hanya. Ga sabon shiga: kaki ake shafa wa farantin, a zana da allura, asid ya ci inda aka kankare, sannan a sa tawada a buga a takarda. Gaɓar teku, igiyoyi da injin ɗaga kaya duk sun fito yadda nake so, domin aikin layi ne, allura kuwa layi ta sani. Jikin jirgin ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ga wanda bai san asalin zanen ba: a 1917 jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suna ta nutsar da jiragen kayan Birtaniya, sai Norman Wilkinson, mai zanen teku da ke aikin sojan ruwa, ya ce tunda jirgi ba ya ɓoyuwa a kan teku, a rikita mai harbinsa. Aka riƙa shafa wa jirage manyan ratsi karkatattu, baƙi, fari, shuɗi, yadda mai leƙe daga ƙarƙashin ruwa zai kasa gane ina goshin jirgin yake, ina ya dosa, da wane gudu. Sai sun gwada fentin a kan ƙananan jiragen katako a Landan kafin a tura tsarin tashoshi. Dazzle ake kiransa.

To, ratsin nan shimfiɗaɗɗen baƙi ne, kuma a nan gizo ke saƙar. Idan ka kankare kakin a fili mai faɗi ka bar ruwan asid ya ci, rami kawai za ka samu. Da ka zo goge tawada, tsumma zai kwashe ta tas, sai bakin ramin ya fito baƙi, tsakiya fari fat. Tawada sai ta sami abin kamawa. Shi ya sa na bi hanyar jera layuka kusa-kusa, sannan na gitta wasu a kansu. Baƙin ya zauna, amma hannu ya ji jiki, kuma in layukan suka matsu da yawa asid yana haɗe su, a koma gidan jiya.

Ina ganin shi ya sa Edward Wadsworth, wanda ya kula da fentin jiragen a Liverpool, ya fi sassaƙa hotonsu a allon katako ya buga a takarda. A katako abin da ba ka taɓa ba shi ne baƙi, kyauta. Mu kuwa sai mun saye shi da gumi.

Yanzu ina gwada fentin feshi: a fesa sama-sama daga nesa har ɗigo-ɗigo su rufe kusan rabin ƙarfen, asid ya ci tsakaninsu. Ku fara a guntun ƙarfe, a waje, da safar hannu. Kuma ku juya zanen a madubi tukuna, musamman in da lamba a jikin jirgi, don bugu yana fitowa a juye.

Wanda ya taɓa haɗa feshi da gittaccen layi a faranti ɗaya, wanne ya fara yi?