Tantin gwanjo a tsakar gidan ƙanwata

Ranar Asabar na shiga gidan ƙanwata a Agege, na tarar an kafa tanti a tsakar gida, tsakanin igiyar shanya da durom ɗin ruwa. Kore ne, na gwanjo, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da tsumma. Ɗanta na fari ne kwance a ciki yana latsa waya, ƙafafunsa a waje don tantin bai kai tsawonsa ba. A kasuwar gwanjo ta Katangowa ya sayo shi, tare da wata jakar goyo mai aljihu kamar goma. Wai ya gama hidimar ƙasa, zai ɗauki ɗan alawus ɗin da ya tara ya zaga Kwatano da Lome da Accra, ba otal ba masauki, inda dare ya yi nan ne gida. "Kawu, haka Turawa suke yi, na gani a YouTube." Uwarsa tana kicin tana buga tukwane da ƙarfin da girki bai buƙata.

Bakina ya yi nauyi, don ni na fara wannan shirmen a gidanmu.

A ƙarshen watan Yuni na 2007 ne, ina yaron shago a layin albasa a Mile 12. Na ce wa Inna Shagamu za ni wajen abokina, na hau mota a Mile 2 na nufi Seme, iyakarmu da Benin. Abin da na dogara da shi guda ɗaya ne, na haddace shi kamar karatun allo: yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza, ya zauna har kwana 90. Gaskiya ne kuwa. Abin da ban haddace ba shi ne katin rigakafin cutar shawara, wannan ruwan ɗorawar da ake tambaya a iyakoki. Na ƙi jin shawara, ban kuma yi katin shawara ba. Kafin in ga gadar Kwatano, 'yan kamasho masu cewa za su tsallakar da mutum sun rage min kuɗin abincin kwana huɗu.

A Kwatano na ga kasuwar Dantokpa, na ga 'yan acaɓarsu masu rigar ruwan ɗorawa kamar fara, ba na jin Faransanci ko na sayen ruwa. Da na ji Hausa a unguwar Zango sai da ƙwalla ta zo min. Kwana uku na yi a barandar wani masallaci. Ladanin bai tambaye ni ɗan gidan wa ba, kullum bayan Isha sai ya turo min kwano.

Tantin nawa sau ɗaya na kafa shi, a bakin teku a Grand-Popo, ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Ba wanda ya gaya min turaku ba sa kama yashi, kuma ba wanda ya gaya min Yuni tsakiyar damina ce a wannan gaɓar. To, ai ban tambaya ba. Wajen ƙarfe biyu na dare iska ta taso daga teku, ruwa ya biyo ta, tantin ya kwanta a fuskata kamar jiƙaƙƙen zani. Fasfona ya sha ruwa, hoton ya fara narkewa. Wata matar masunci ce ta gan ni da asuba ina rawar ɗari, ta ja ni rumfar da take banda kifi. Ba ma jin yaren juna. Kwana biyu na yi ina warin hayaƙi, sauron kogin Mono yana walima a kaina.

Togo kuwa ban ce na gan ta ba, gaɓar tata ba ta fi kilomita 50 da 'yan kai ba, Lome kuma bakinta a jikin iyakar Ghana yake. A Aflao, garin farko a ɓangaren Ghana, na faɗa wani ramin. A watan Yulin nan ne Ghana ta fito da sabon kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, duka biyun suna yawo a kasuwa. Wani ɗan canji ya cika min hannu da tsofaffin takardu masu sifili rututu, na tafi ina jin na zama Alhaji. A tashar mota na gane abin da ke hannuna da ƙyar zai kai ni Accra.

A unguwar Nima ta Accra zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni. Wani dattijo mai shayi, wanda ya ce fataucin goro ne ya kawo kakansa ƙasar, shi ya kai ni aka yi min allura, shi ya biya. Matarsa tana sayar da koko da ƙosai, rana kuma ta zubo min waakye, wanda ashe shinkafa da wakenmu ne ya canja lafazi. Kwana tara. Ranar da zan taho ya naɗe kuɗin mota a takardar sukari ya sa min a aljihu.

Na dawo Legas ina cika baki: ƙasashe uku, da kuɗin da bai kai na buhun albasa biyu ba! Shekaru na yi ina ba da wannan labarin a majalisa. Sai da na yi iyali, na san abin da kwano ɗaya na ƙari yake ci a gidan talaka, sannan na sake lissafin. Tafiyar ba ta yi arha ba. Ladani ya biya, matar masunci ta biya, mai shayi ya biya mafi tsoka. Ko kati ban taɓa aika musu ba.

Ba wai ina cewa ban ƙaru ba. Na ƙaru, kuma har yau in ana maganar Kwatano a kasuwa ni ake juyowa a kalla. Kakanninmu ma ai da ƙafa suka je Gwanja. Sai dai su da kaya suka je, kanwa da tufafi a kan jakuna, mai masaukinsu a zango yana cin la'ada. Ni hannu na kai da ciki. Amma kuma yaro ne ni, kuma baƙo raɓa ne, su ma lada suka nema. Kun ga, har yanzu ina nema wa kaina mafita.

Na yi niyyar zaunar da yaron nan in jero masa abu goma. Da na buɗe baki uku suka fito. Ka yi katin shawara, ka sa shi da fasfo a leda biyu. Ka ware kuɗin dawowa ka ɗinke a ƙugun wando, ko yunwa za ta kashe ka kada ka taɓa, don a Agustan 2019 an wayi gari an rufe iyakokin ƙasar nan, ba a buɗe Seme ba sai Disambar 2020, kuma sefa a jikin yuro take ɗaure, nairarka kuwa ka san halin da take ciki tun 2023. Na uku, ka bar tantin nan a gida ka ɗauki gidan sauro.

Sai na ƙara da cewa kada ya kuskura ya zama nauyi a kan kowa, ya biya kuɗin ɗaki ko na kwana ɗaya ne. Ban rufe baki ba na ce in ya maƙale, ya tambayi Zango, ya nemi limami ko Sarkin Zango. Ya ɗago kai: "Kawu, wanne zan ɗauka?" Na daka masa tsawa. Yaran yanzu! Mutum bai iya hura gawayi ba, bai iya tsugunawa ya gaida babba ba, sai ya tsaya a bakin teku yana ɗaukar kansa bidiyo don mutanen da ba su san shi ba su danna masa alama. In cajin waya ya ƙare, hankalin ma ya ƙare. Na ce kada ya je ma gaba ɗaya. Can kuma na ji kaina ina cewa in zai je ya jira Disamba, lokacin rani.

Da zan fita ƙanwata ta raka ni zaure. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ni ma na je na dawo. Ta dube ni ta ce, "Yaya, ka san sau nawa Inna ta tura mutum Shagamu?" Ban sani ba. Ta ce sau uku, na ukun da kuɗin 'yan kunnenta.

Na koma ciki na tambayi yaron nawa ya sayi tantin. Ya faɗa, na ƙirga na ba shi, na naɗe abina na sa a bayan mota. Jiya uwarsa ta kira ni, wai ya koma Katangowa.